Tsintsiyar Kabarin Fetu

Shekara talatin da ɗaya Leitu ta yi a gidan fasto na ƙauyen Vaisuli, amma ranar da ta tashi haɗa kaya sai ta tarar kusan komai na cikinsa ba nata ba ne. Kujerun na ikilisiya ne. Firjin zumuntar mata ce ta saya. Gado, labulaye, har babbar tukunyar da take dafa gwaza ranar Lahadi, kowanne akwai wanda zai iya nunawa da yatsa ya ce daga gidansu ya fito. Abin da ya rage nasu na kansu bai taka kara ya karya ba: akwati huɗu, littattafan mijinta, keken da ake tura shi a kai, sai kuma kabarin da ke ƙofar gida.

Mijin nata, Fasto Amosa, wata bakwai ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a kan mumbari ana tsakiyar sujada. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Wata uku suka kwashe a asibiti a birnin Apia, tana kwana a tabarma gefen gadonsa, har aka sallame su da ledar magunguna da "sai haƙuri". Mutumin da in ya fara wa'azi sai abincin da aka bari yana gasuwa a kan duwatsu masu zafi ya huce, yara su yi barci su farka su tarar bai kai rabi ba, yau kalma ɗaya tak ta rage masa a baki. To. Za ka ci abinci? To. Ka ƙoshi? To. In tafi in bar ka? Wannan ma Leitu ta taɓa tambayarsa wata rana da gajiya ta kai mata iya wuya. Ya dube ta da idonsa mai lafiyar ya ce to, ita kuwa ta zagaya bayan ɗaki ta yi kuka har ta gode Allah.

Ikilisiya ta yi musu kara, wannan kam ba za a ƙi faɗa ba. Dattawa sun yi ta karɓa-karɓa a mumbari suna jiran ko Allah zai tashi kafaɗunsa. Da suka ga abin ba na tashi ba ne, sai suka zo da tabarmi masu kyau da jawabai masu tsawo, suka yi ta kewaye-kewaye, alhali maganar ɗaya ce: garke ba ya zama ba makiyayi, sabon fasto zai iso ranar Asabar, shi da matarsa da 'ya'yansa uku. Ba wanda ya ce musu ku tashi. Ba sai an ce ba. Ɗansu Peni ya sauka daga Brisbane ta ƙasar Ostireliya da takardu a hannu, ya ce ya gyara musu ɗaki a gidansa, can akwai likitocin da suka san kan irin wannan ciwo.

Leitu ba ta yi gardama ba, ina ta ga ƙarfin gardama. Sharaɗi ɗaya ta kafa, shi ne ba za ta bar Fetu a ƙofar gidan baƙi ba.

Fetu 'yarta ce. Tana da shekara tara zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana huɗu, yau shekara ashirin da ɗaya. Da so samu ne, da a gidan dangin Amosa aka binne ta, can tsibirin Savai'i, inda iyayensa da kakanninsa suke kwance. To amma a wancan makon guguwa ta hana jirgin ruwa tashi, manyan gari kuma suka zo suka ce yarinyar a nan aka haife ta, a nan cibiyarta take, tasu ce. Aka haƙa a ƙofar gida, taku goma daga matakala. Aka yi siminti, daga baya aka manna fararen tayil, aka kafa 'yar rumfar kwano a kai. Yaran makarantar Lahadi a kansa suke zama su haddace aya. Ita kuwa Leitu, tun daga ranar ba ta taɓa ɗora ruwan shayi ba sai ta share shi. Daga wajen kai take farawa, a hankali, yadda take taje mata gashi tana raye, sannan ta gangaro zuwa ƙafa.

Don haka ta shirya abin da ake shiryawa. Ta sa aka tatso man kwakwa sabo, kwalba guda, aka jiƙa furanni a ciki. Ta fito da zanen ɓawon itacen da uwarta ta ba ta ranar aure, wanda ba ta taɓa warwarewa ba. Kafinta ya haɗa ɗan akwati, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Peni ya yi ta zarya a ofisoshi har ya samo takardar izini. Ranar Juma'a da safe za a buɗe kabarin, a wanke ƙasusuwan da mai, a naɗe, ranar Asabar su haye da ita Savai'i su kwantar da ita kusa da kakanninta, sannan su wuce su hau jirgin sama. In ranarsu ta zo, ita da Amosa, can ɗin za a kai su. Tunaninta ke nan: ko ba ta samu share ta ba, za ta samu kwanciya kusa da ita.

Saura mai wankin. Ba kowa ke taɓa ƙashin mamaci ba, kuma duk faɗin Vaisuli mutum ɗaya ta rage da ta san kan aikin, ita ce tsohuwa Salafai.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga ta da kanta, tana dogara sanda, da kwandon ayaba a ɗaya hannun. Salafai ta girmi Leitu da shekara biyar ko shida, a baki kuwa ta girme ta da ɗari. Tun zuwan su Leitu garin suke tare, yau faɗa gobe shiri. Duk garin Mama suke ce wa Leitu, Salafai ce kaɗai take kiran sunanta gatsal, in kuma tsokana take ji ta ce mata matar fasto.

"Matar fasto, sannu da shirin gudun hijira," in ji ta, ta dire kwandon. "An ce can Ostireliya ayaba ɗaya-ɗaya ake sayarwa kamar ƙwayar magani. Ci ki ƙoshi tun kina nan."

"Komai naki ya tsufa ban da bakin nan," in ji Leitu.

Salafai ta leƙa baranda inda aka ajiye Amosa yana shan iska. "Fasto, an ce ni zan hau mumbari ranar Lahadi. Ka amince?"

"To," in ji Amosa.

"Kin ji ko? Shekara talatin ina neman mutumin nan ya yarda da maganata, sai yau."

Leitu ba ta yi dariya ba. Ta ajiye rigar da take ninkewa ta ce, "Gobe da sassafe nake son ki zo. Samari za su iso da ƙarfe bakwai. Ga mai can, ga zane, komai ya kammala."

Salafai ta juya ta kalli kabarin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Bayana ke ciwo," in ji ta.

"Bayan bai hana ki ɗauko kwandon ayaba tun daga bakin teku ba."

"Ɗaukar ayaba daban, durƙuso a bakin rami daban."

"Haba Salafai. Ban taɓa roƙonki komai ba."

"Ƙarya kike, matar fasto. Shekara talatin kina aikowa a sam miki gishiri."

Maganar ta wasa ce, amma muryar ba ta wasa ba ce. Ta ɗauki sandarta ta fita, ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Leitu ta bi ta da kallo, ranta ya ɓaci, ta ci gaba da ninke kaya.

Da faɗuwar rana aka buga tsohuwar tukunyar gas ɗin da ke rataye a tsakiyar gari a madadin ƙararrawa. Kowa ya shige gidansa, gari ya yi tsit, can kuma waƙoƙin yabo suka fara tashi daga gida-gida. A gidan fasto Peni ne ya ja addu'a, tunda mai ja ba baki. Leitu ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta rufe ido, ta ce amin a inda ake cewa.

Gaskiyar magana, tun ranar da Amosa ya faɗi addu'arta ba ta wuce rufin kwano. Ba wai ta daina gaskatawa ba ne. Ta san Allah yana nan, yadda ka san maƙwabcin da kuka daina magana yana cikin gidansa. Fushi take yi da shi, fushin ma na gajiyayye, wanda ba ya iya ɗaga murya. Ta ba shi ƙuruciyarta. Ta ba shi duk Lahadin da ta zo duniya da su. Ta dafa wa baƙinsa, ta wanke gawawwakin mutanensa, ta sasanta ma'aurata da ita kanta ta san ba za su shiryu ba. Ya karɓi 'yarta, ta tsaya gaban jama'a da farar riga ta ce sunansa abin yabo ne. Ya karɓi bakin mijinta. Yanzu ga gida ma ya tafi. To wannan ɗaya da ya rage, ɗan ƙullin ƙashin nan, ba za ta bar shi a hannun kowa ba, har da shi ɗin.

Bayan an tashi, Peni ya matso kusa da ita yana sosa ƙeya.

"Mama, kin tabbata kuwa? Matar sabon faston ta bugo mini waya. Ta ce kada mu damu, za ta kula da wurin kamar nata."

"Ta san Fetu?"

"A'a, amma dai..."

"Mai 'ya'ya uku, da wanne za ta ji? Wata biyu za ta share don kunya, a na uku ta fara shanya wandunan yara a kai."

Peni ya juya ga ubansa. "Baba, kai me ka gani? A ɗauke ta?"

"To."

"Ka ji," in ji Leitu. "Ya yarda."

Su biyun sun san da an tambaye shi a bar ta, amsar da zai bayar ke nan.

Ranar Juma'a ta makara, abin da ba ta saba ba. Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ta, shar, shar, a kan tayil. Ta ɗaura zane ta fito a gaggauce. Gari ya riga ya waye, kuma ga Salafai duƙe a kan kabarin da wata guntuwar tsintsiyar kwakwa da ta cinye har rabi, tana shara daga wajen ƙafa.

"Me kike yi haka?"

"Rawa nake yi. Ba ki gani?"

"Daga kai ake farawa."

"Ni daga nan nake farawa, kuma ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba."

Leitu ta tsaya cak a kan matakala. "Ba ta taɓa ba? Yaushe kika taɓa share ta?"

"Wata ukun da kika yi a Apia fa? Wa kike tsammani, mala'iku?"

Leitu ta tuna ranar da suka dawo daga asibiti, ta tarar da wurin fes, ko ganye ɗaya babu. Ta ɗauka 'yan matan ƙungiyar mawaƙa ne. Har godiya ta yi musu bayan sujada, su kuma marasa kunyar suka karɓe godiyar suna sunkuyar da kai.

Salafai ta miƙe da ƙyar tana dafa ƙugu, ta zauna a bakin kabarin. Ta nuna wani kwano da farin ƙyalle da ta ajiye a gefe.

"Na zo. Ga kayan aikina nan. Zan wanke miki ita, kada ki je ƙasar mutane kina cewa na ci amanarki. Amma sai na amayar da abin da ke raina tukuna, in ya so ki tafi da fushina. Zauna."

Leitu ta zauna.

"Kin tuna ranar da aka daina neman Sanele?"

Wa zai manta? Sanele shi kaɗai Salafai ta haifa. Ubansa ya tafi aikin gwangwanin kifi a Pago Pago tun yaron yana goye, bai sake waiwayo ba. Yana da shekara goma sha bakwai ya fita kamun kifi can bayan duwatsun da igiyar ruwa ke fashewa, bai dawo ba. Kwana huɗu ana nema, aka tsinci kwalekwalen a kife. Shi kuwa ko rigarsa ba a gani ba. A rana ta biyar fasto da matarsa suka je gaisuwa da fararen kaya.

"Kin riƙe hannuna," in ji Salafai. "Kika ce, Salafai, ba kabari ke riƙe mutum ba, Ubangiji ne. Kika ce wanda ya san adadin kifin teku ya san inda Sanele yake kwance, ranar tashi kuma ruwa zai mayar da shi. Haka kika ce ko ba haka ba?"

"Haka na ce."

"Kika tashi kika koma gida. Washegari na biyo ta hanyar nan, na gan ki duƙe a nan kina shara. Leitu, na tsane ki. Shekara biyu cur ina zama bayanki a coci ina kallon ƙeyarki, ina cewa a raina, dubi wannan, ta ba ni magana, ita ta riƙe kabari."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"A faɗa wa matar fasto? Rufa mini asiri. Kuma abin haushin, maganar taki ba ƙarya ba ce. Ba ni da wata, sai na riƙe ta. Kullum safiya in fito bakin ruwa in ce wa Ubangiji, ga shi nan fa, an ce ka san inda yake. Wata rana da tsiwa nake faɗa, wata rana da kuka. Shekara goma sha tara ke nan. Ita ta riƙe ni ban bi yaron cikin ruwan ba. Maganinki yana aiki, matar fasto. Ke ce dai ba ki taɓa lasa ba."

Ta ɗauki guntuwar tsintsiyar tana juya ta a hannu.

"Da kuka tafi asibiti na biyo na ga ganye ya rufe ta. Na ce bari in ɗan kawar. Shi ke nan fa. Ni ban san haka abin yake ba. Ashe daɗi gare shi. Mutum ya tashi da safe yana da wurin zuwa, ya duƙa, ya ce kin kwana lafiya. Har labarin Sanele nake ba ta, ai ta san shi, ita ce ta taɓa fasa masa goshi da ɓawon kwakwa a bayan coci. Ranar da kika dawo na koma gida da tsintsiyata kamar wadda aka kora daga aiki. Yanzu kuma kin ce za ki kai ta Savai'i, gidan da ba wanda ya taɓa jin muryarta, aladu su yi ta tonon gefenta, ke kina can Brisbane. Ki bar mini ita, Leitu. Ba don ke ba, ba don ita ba. Don ni. Ni ba ni da wurin sharewa."

Abin da ya fara taso wa Leitu ba tausayi ba ne, haushi ne.

"Ki ji ki da wata magana! In na bar ta, ni fa? Savai'i za a kai ni in na mutu, ita tana nan, teku a tsakaninmu har abada."

"Ni nawa a cikin tekun yake."

"Ke ɗin ma yau ne ko gobe. In kin mutu wa zai share?"

"Sai ki tambayi wanda kika ce ya san adadin kifi."

Daidai nan samari huɗu suka shigo da guduma da ƙarafan ɓanɓare siminti, dattijo ɗaya na ikilisiya yana biye da su. Peni ya turo ubansa baranda. Mata biyu uku suka taru daga nesa. Aka rera waƙa gajeriya, dattijon ya yi addu'a, sannan kowa ya zuba wa Leitu ido.

Ta gyaɗa kai. Taurin kai ne ko gajiya ce, ita ma ba ta sani ba. An riga an tara mutane, an yanka alade, an sami takarda, kuma ba ta saba janye magana a gaban jama'a ba.

Guduma ta sauka a kusurwar wajen ƙafa. Tayil ɗaya ya tarwatse, ƙarar ta ratsa har cikin haƙoranta.

Ba kabarin ta kalla ba, Salafai ta kalla. Tsohuwar ta durƙusa a ƙasa da bayan nan nata mai ciwo, ta shimfiɗa farin ƙyallen, ta gyara gefunansa, ta ɗauko kwalbar man tana ƙoƙarin buɗewa. Murfin ya ƙi. Ta sa haƙori. Ƙamshin kwakwa da fure ya tashi. Ga mace ta roƙi abu ɗaya tak a rayuwarta an hana ta, ga ta kuma ta durƙusa za ta wanke abin da hannunta ta miƙa wa wadda ta hana ta. Ko kallon Leitu ba ta yi ba.

Saurayin ya sake ɗaga guduma.

"Dakata," in ji Leitu.

Muryar ba ta fita sosai ba, sai da Peni ya maimaita. Saurayin ya sauke gudumar a hankali. Leitu ta taka zuwa kusurwar da aka fasa, ta durƙusa, ta tsinci guntun tayil ɗaya ta riƙe a tafin hannu. Ba ta rufe ido ba, ba ta gyara murya yadda take yi a taron mata ba. Addu'ar farko ke nan da ta yi cikin wata bakwai, kuma ba ta da kyan ji.

"Ubangiji, na gaji," in ji ta. "Na gaji da ja da kai. Ga ta nan. Ba da daɗin rai na bar maka ita ba, kada ma a ce na yi abin kirki. Ka dai san inda take. Ni ma in an kai ni can ka san inda nake."

Masu wa'azi sukan ce in ka miƙa wa Allah kayanka sai ka ji sakayau. Ita kanta ta sha faɗa wa mata haka. Ba ta ji sakayau ba. Ji ta yi kamar an cire mata haƙori, ciwon da ya hana ta barci ya tafi, ya bar mata rami mai jini. Ta dafa kafaɗar Salafai ta miƙe, ta ce wa samarin su je su ci abinci, an dafa, ba za a zubar ba.

"Mama, takardar fa?" in ji Peni. "Akwatin fa?"

"Zuba littattafan ubanka a ciki."

Salafai tana nan durƙushe, kwalba a hannu, hawaye na bin tamojin fuskarta. Da ta sami bakin magana sai ta ce, "Kin dai sa an fasa mini tayil a banza."

"Peni zai sa a manna wani kafin mu tafi."

"A bar shi haka. In san inda zan riƙa farawa."

Ranar Asabar gari ya fito. Aka yi jawabai, aka rera waƙa, aka rataya musu furanni har wuyan Amosa ya nutse. Motar sabon fasto ta iso tun ba su tashi ba, yaransa uku suka diro suna leƙe-leƙe, matarsa, yarinya ƙarama mai kunya, ta rasa inda za ta sa kanta. Leitu ta damƙa mata makullai, ta nuna mata famfon da ke yoyo da tagar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Game da kabarin ba ta ce mata komai ba.

Sannan ta ɗauko abu uku ta kai wa Salafai. Ta miƙa mata kwalbar man. "Wannan na bayanki ne, ki daina yi wa mutane ƙarya da shi." Ta miƙa mata zanen ɓawon itacen. "Wannan ki ajiye, ranar da bakin nan ya yi shiru a naɗe ki." Na ukun ta daɗe riƙe da shi kafin ta saki. Tsintsiyarta ce, doguwa, an ɗaure gindinta da jan ƙyalle.

Salafai ta karɓa ta jujjuya ta. "Wannan mai sanƙon ce kike ta rowarta?"

"Daga kai ake farawa," in ji Leitu.

"Na ji, matar fasto. Hau mota kada a bar ki."

Samari suka ɗaga Amosa da kekensa suka sa a bas. Leitu ta zauna kusa da shi a bencin katako, wajen taga. Ba ta san inda za ta ajiye hannuwanta ba, sai ta ɗora su a cinya. Direba ya tayar, jama'a suna ɗaga hannu, wasu matan suna kuka da gaske, wasu don kara.

Da bas ɗin ya zo kwanar coci sai ta waiwaya. Rana ta take, an riga an share wurin tun safe, ba ko ganye ɗaya a kai. Amma ga Salafai can ƙarƙashin 'yar rumfar kwanon, ta jingine sandarta, ta duƙa da doguwar tsintsiyar mai jan ƙyalle. Daga wajen ƙafa ta fara.

Leitu ta zabura, ta leƙa kai ta taga, ta cika ƙirji da iska za ta ƙwala mata kira. Sai ta ji hannun Amosa, mai lafiyar, ya sauka a kan nata. Bakinsa ya fara motsi yana neman kalmarsa, ya daɗe yana nema. Ta mayar da kanta ciki, ta riƙe hannun, ta riga shi.

"To," in ji ta.